Wa Zai Hau Alby? Jinjina ga Noelene Trethowan

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Korrindale ya san ta. Kafin mai burodi ya buɗe shago za ka hango wata doguwar tsohuwa da malafa tana tafe a gefen titin shiga gari, kanta a sama. Ba ta kallon gabanta. Na sha ce mata, "Noelene, wata rana rami za ki faɗa," sai ta ce ramukan titin nan duk ta san su, abin da ba ta sani ba yana can sama. Tana tafe tana tsayawa. Ta dafa wannan bishiya, ta ɓantari ɓawon waccan ta shinshina, ta tsinci reshen da ya faɗo ta juya shi ta dubi inda ya karye. In ta kai ƙarshen layi sai ta tsallaka ta dawo ta ɗaya gefen. Daga nan ta shiga shagon burodi ta karɓi shayinta, ta gaya wa duk wanda ta tarar abin da bai tambaye ta ba: "Harold yana jin ƙishi," ko kuwa, "Ƙwari sun fara cin Percy."

Baƙo sai ya zaci gulmar maƙwabta take yi. Mu mun san bishiyoyi take nufi. Bayan yaƙin duniya na farko kakanninmu sun shuka wa kowane saurayin garin nan da ya tafi yaƙi bishiyar elm guda, suka kafa ɗan allon ƙarfe da sunansa a gindinta. Tun daga nan ba mai kiran bishiyoyin da komai sai sunayen masu su.

Noelene Trethowan ita ce sakatariyar kwamitin da ke kula da su, tun tana aiki a ofishin makarantar firamare har ta yi ritaya har ta yi furfura. Ba a biyan ta. A wannan watan ta ajiye muƙamin, kuma in ka tambayi mutanen gari me take yi a kwamitin, rabinsu za su ce ita ke dafa shayi. Ainihin aikinta shi ne zaɓar wanda za a bari ya hau bishiyoyin da zarto.

Ni ne Kelvin, tsohon direban motar 'yan makaranta. Tun da likita ya hana ta tuƙi saboda ido, ni ke kai ta duk inda za ta, ba don kirki kawai ba, don ni mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Na daɗe ina mamakin yadda take yi. Mu dai a nan, in reshe ya dame ka, sai ka tambayi wani a wajen kallon ƙwallo, ya ce ai ƙanin matarsa yana da injin zarto da tsani, magana ta ƙare. Ita kuwa sai ta shafe makonni. Me take nema a takardun nan? Me ya sa take ƙin wanda kowa ya yarda da shi? Ban gane sosai ba sai da maganar Alby ta taso.

Albert Dunstan, wanda ake ce wa Alby, ya tafi yaƙi bai dawo ba, kuma ba a taɓa sanin inda gawarsa take ba. Ba shi da kabari a ko'ina a duniya. Abin da danginsa ke da shi dai bishiyar nan ce da ke daidai inda yara ke jiran motar makaranta. Ɗan ƙaninsa, Mervyn Dunstan, ya haura casa'in, kuma duk ranar Lahadi sai ya zo da sandarsa ya zauna a gindinta.

A watan Janairun da ya wuce, wanda a ƙasar nan tamu lokacin tsananin zafi ne, ko ganye ba ya motsi, sai kawai Alby ya saki wani ƙaton reshe. Ya ragargaza bencin da yara ke zama. Allah ya sa ana hutu. Ƙaramar hukuma ta kewaye wurin, ta ce wa kwamiti ko dai a kawo mata shaida daga wanda ya cancanta cewa bishiyar ba ta da haɗari, ko kuwa a sare ta.

Wanda ya fara zuwa shi ne Gavin Stott, ɗan gari, mai kamfanin sarar itace. Wallahi Gavin mutumin kirki ne. Shi ke ɗaukar nauyin rigunan ƙungiyar ƙwallonmu, in daji ya kama wuta kuma shi ke gaba. Ya tsaya ya ɗaga kai ya ce, "Malama, wannan ai ba wani abu ba ne. In aske masa kai, in rage masa rabin tsawo, nan da shekara biyu ya cika da ganye. Ba mai taɓa Alby ina raye."

Mervyn yana wurin. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Gavin ɗan Shirley," in ji Noelene, "nuna min takardunka."

"Haba Malama! Ke fa kika rubuta sunana a makaranta."

"Na rubuta. Na kuma tuna ranar da ka faɗo daga kan tankin ruwa. Takardu."

Ya je mota ya kawo. Ta daɗe tana dubawa da gilashinta a kan hanci. Ni ina leƙe ta kafaɗarta, sai na ga hatimi da sa hannu, na ce ai shi ke nan. A mota ta fahimtar da ni. Takardar Gavin ta koyon riƙe injin zarto ce da kayar da itace ba tare da an ji rauni ba, kuma ta gaske ce. Amma akwai wata ta daban ta mai hawa ya gyara bishiya mai rai, sannan akwai difloma ta wanda zai duba ya ce wannan bishiya lafiyarta lau ko tana ciwo. "Uku ne," ta ce, "amma a jikin mota duk 'ƙwararre' suke rubutawa." Muna isa gida ta buga wa kamfanin inshorarsa waya da kanta, don ba ta yarda da kwafin takarda sai ta ji da kunnenta cewa inshorar na nan daram. Ta Gavin tana nan.

Na biyu wani babban kamfani ne daga birni. Motarsu kaɗai abin kallo ce, duk jikinta tambarin ƙungiyoyi. Wanda ya zo saurayi ne mai fara'a, ya miƙo fayil mai kauri, har da rahoton mai difloma da ke cewa a sare Alby. Noelene ta ba shi shayi da kek, ta ce, "Wannan da ya sa hannu, yaushe ya zo garinmu? Ban gan shi ba, kuma ba a shigowa titin nan ban gani ba."

Saurayin bai yi ƙarya ba, na ba shi wannan. Ya ce hotuna aka tura masa.

"To wa zai hau?"

Ya faɗi sunaye biyu, ya nuna takardunsu, har da ta izinin aiki kusa da wayar lantarki. Ta gyaɗa kai, ta ce masu hawansu dai ba su da makusa. Da ya tafi na ce, "To in mai diflomar gaskiya ya faɗa fa?" Ta ce, "Mai yiwuwa. Amma wanda ya ce a sare kuma shi za a ba aikin saran, bai ma zo ya taɓa bishiyar ba, ba zan ɗauki maganarsa in kai wa Mervyn ba."

Ta uku wata budurwa ce, Talia Fonoti, ta zo a ƙaramar mota duk ƙura. Difloma gare ta, kuma ba ta sara. Dubawa kawai take yi ta rubuta abin da ta gani. Noelene ta tambaye ta ko Alby zai rayu, ta ce, "Ban sani ba, Mama. Ban duba ba tukuna." Mervyn ya yi tsaki har sai da aka ji.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Duk wanda ya nemi aiki a hannun Noelene, bayan takardu sai ta ce ya faɗa mata wata bishiya da ya yi wa aiki shekarun baya, ba ta watan jiya ba. Ta ce aikin da aka gama jiya kowa nasa kyau gare shi. Sannan ta ce in tayar da mota.

Na Gavin ba nisa, bishiyoyin bayan filin ƙwallo ne. Kullum ina wuce su, a idona kuma tsaf suke, kawuna a daidaice, ganye cunkus. Noelene ta ja ni har gindin ɗaya. Ta nuna min wasu ƙananan ramuka a jere tun daga ƙasa har sama, wasu suna tsiyayar baƙin ruwa. Ashe sawun ƙaimi ne, ƙarafan nan masu tsini da ake ɗaurawa a takalmi don hawa, waɗanda ya kamata a yi amfani da su a bishiyar da za a kayar kawai. Sai ta ce in ja da baya in dubi inda aka gundule. Tabɗi! Tsakiyar kututturen ya rufta ya zama kogo, sababbin rassan kuma duk a bakin ɓawo suke maƙale, dogaye, masu nauyi. "Ka ga waɗancan?" ta ce. "Su ne za su faɗo. Mu kuma duk gari mun ɗauka bishiyar da aka aske ita ce ba ta da haɗari, don ta fi kyan gani." Ba ta zagi Gavin ba. Ta ce abin da aka koya masa ya yi, abin da muka roƙe shi kuma ya ba mu.

Ta Talia sai da muka yi doguwar tafiya zuwa wani gari, farfajiyar makarantar renon yara. Wata ƙatuwar bishiyar turare ce, yara na wasa a inuwarta. Na zagaya ta, na sake zagayawa, na ce, "Ina aikin?" Noelene ta yi dariya ta ce sai na ƙara dubawa. Da ƙyar na gano wuraren da aka cire rassa, sun warke sun rufe. Na ɗauka mun gama, sai na ji ta tambayi shugabar makarantar, "Ta taɓa gaya muku abin da ba ku so ji ba?" Matar ta nuna wani fili a kusurwa. Ta ce da akwai wata a can wadda yara suka fi so, Talia ta sa aka sare ta, iyaye suka yi ta surutu.

Muka kamo hanyar dawowa har muka kusa gari. Sannan Noelene ta ce, "Yarinyar nan za ta iya kashe mana Alby."

"To ki ba Gavin mana! Shi kaɗai ne ya ce zai rayu."

"Kelvin, kai ka ɗauki yaran nan a wurin nan shekara da shekaru. In Gavin ya ce Alby lafiya, zan so in yarda. In ita ta ce lafiya, zan iya barin jikokin mutane su tsaya a ƙarƙashinsa."

Ranar taron kwamiti ɗakin ya cika har da waɗanda ba sa zuwa. Kowa Gavin yake so. Noelene ta tashi ta faɗi abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Mervyn ya dogara sanda ya miƙe. "Ɗan garinmu ya ce baffana zai rayu. Ke kuma kin tashi takanas kin je kin nemo wadda za ta ce ya mutu. Me ya yi miki, Noelene?" Ta ce, "Ba abin da ya yi min, Baba Mervyn. Ni ma kullum sai na gaishe shi." Da ƙyar kwamiti ya bi bayanta aka ba Talia aikin dubawa, kuma ba wanda ya taya ta kwashe kofuna sai ni.

Ke ce kika tsaya a gaban tsohon da kike ƙauna, kika hana shi maganar da ta fi daɗin ji a duniya. Na san abin ya ci ki. Ke ce mai kunnen ƙashi a inda ya kamata, Noelene.

Talia ta dawo da kayanta. Ta fara bubbuga gindin da gudumar roba tana saurare, ni ma na kasa kunne, na ji wani wuri "tim", wani wuri "kwam" kamar gangar da ba komai a ciki. Ta soka wata na'ura mai siririyar allura a wurare da dama. Sannan ta jefa igiya ta hau, ba ƙaimi a ƙafarta, ta daɗe a sama. Da ta sauko ba ta je wurin Noelene ba. Ta durƙusa a gaban Mervyn ta buɗe tafin hannunta ta ce, "Baba, abin da ya rage mai ƙarfi a jikinsa bai kai faɗin hannun nan ba. Ciki duk ya tafi, tun da daɗewa. Ko an aske shi ba zai tsaya ba. Ka yi haƙuri." Mervyn ya dubi tafin hannun. Ya juya ya tafi, ya ƙi a kai shi a mota.

Muna nan tsaye sai Talia ta ce, "Wa ke yanke ciyawar wurin nan?" Na ce mu ne, duk shekara kafin ranar tunawa da sojoji sai mu fito mu share layin nan tas, kada baƙi su ce ba mu da tsafta. Ta nuna wasu guntayen tsiro a jikin shinge, duk injin ya fille musu kai, sai ɗaya da ya ɓuya a bayan turke ya tsira. Ta tona da yatsunta, ta bi shi, ta bi shi, har ta kai ga wata saiwa mai kauri da ta fito daga gindin Alby. Ta koma ta duba gindin da kyau ko an taɓa yi masa aure da wata bishiya, wato an dasa reshensa a kan saiwar wata, ta ce ba a yi ba. "Wannan ba daga iri ya fito ba," ta ce. "Saiwarsu ɗaya. Shi ne." Kai jama'a! Ashe tun zamanin iyayenmu Alby ke turo mana magaji, mu kuma muna bin shi da injin yankan ciyawa.

Noelene ta aika wa Mervyn da labari. Ya ce a gaya mata baffansa ba ciyawa ba ne.

Da sanyi ya shigo aka kayar da Alby. Wa Noelene ta ba aikin? Kamfanin birnin nan, saboda wayar lantarki na kusa kuma masu hawansu ne ke da izinin. Sai da ta tsaya ta tabbatar mutanen da aka nuna mata takardunsu su ne suka sauko daga mota. Gavin ya yi fushi na mako guda, sannan ya zo da kansa ya kafa wa tsiron shinge mai ƙarfi, ya mayar da allon sunan Albert jikinsa. Yanzu haka yana zuwa kwas ɗin hawa da igiya, yana ta ƙorafin cewa yaran ajin duk sun fi shi sauƙin jiki. Mervyn kuwa bai zo ranar saran ba. Duk tsawon sanyin nan, in ya shiga shagon burodi ya tarar da Noelene, sai ya juya ya fita. Ba ta taɓa yin maganar ba, amma ta daina zama shan shayi a can.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi mata walimar ban kwana a zauren gari. An gasa nama, mata sun kawo kek ɗin kwakwa, na tashi ke nan zan fara jawabi sai ƙofa ta buɗe. Mervyn ne. Ya tako a hankali har gabanta.

"Ya yi ganye," ya ce.

"Na gani, Baba Mervyn."

"Ya kawo min gwiwa. Na auna." Ya gyara riƙon sanda. "Kina ganin zan kai lokacin da zai wuce kaina?"

"In ka daina ɓoye maganinka a aljihu."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari, ya miƙa mata hannu ya ce, "Zo ki kai ni wurinsa, hanyar da nisa." Ta ɗauki malafarta, ta riƙe shi, suka fita. Muka ci kek ɗin ba da ita ba, jawabina kuma ban samu na yi ba. Shi ya sa na rubuta wannan.

Ku da kuke da bishiya a ƙofar gida, ko a makaranta, ko a maƙabarta, ku yi irin nata. Ku karanta takardar ku ga ta mene ce. Ku tambayi wa zai hau, ku tabbatar sunansa ne a jiki. Ku je ku ga tsohon aikinsa da idonku. In kuma kun sami wanda ya gaya muku daidai abin da kuke so ku ji tun kafin ya taɓa bishiyar, ku ba shi shayi ku sallame shi da mutunci.

Noelene, mun gode. Mun gode a madadin yaran da ke tsayuwa a wurin nan kowace safiya ba su san akwai wadda ta sha zagi saboda su ba. Mun gode a madadin Albert Dunstan, wanda ba mu iya kawo shi gida ba, amma saboda ke bai bar titinmu ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar miki idon da ya rage.